Ranar da Na Sa Aka Ba Abbana Jan Kati

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a Kubwa ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai dattawa goma sha ɗaya da suka ɗauki nauyin tuna mini duk inda muka haɗu. Ranar ce na fara taɓa aikin da na daɗe ina mafarkin yi, majiyyacin da ya fi kowa muhimmanci a wurina kuma shi ne mahaifina. Na duba shi tsaf, ban tsallake komai ba, kuma sakamakon da na fitar daidai ne. Har gobe ina nan a kan bakana cewa daidai ne. Abin da ya biyo bayan sakamakon ne ba na so a riƙa tayarwa a gaban baƙi.

A lokacin na gama sakandare ina jiran shiga jami'a. Ni irin yaran nan ne da in an yi baƙi a gida sai an aika a nemo su a bayan labule. A aji ba na ɗaga hannu ko na san amsa, sai dai in rubuta ta a gefen littafi in jira wani ya faɗa ba daidai ba, in ji daɗi a raina. Littattafaina a jere suke bisa tsawo. Hatta robobin yaji na kicin sai da na manna musu suna, Umma ta ce ita hancinta ya ishe ta.

Abin da nake so in karanta shi ne gashin ƙashi, wanda 'yan boko ke kira fisiyo, musamman ɓangaren 'yan wasa: yadda ake duba wanda ya ji rauni a fili, da yadda ake lallaɓa jikinsa har ya koma kamar da. Na kamu da son abin ne shekarar da Umma ta zame a banɗaki ta karye a wuyan hannu. Da aka cire mata filasta hannun ya ƙi lanƙwasuwa, sai muka riƙa zuwa wani asibiti a Gwagwalada duk Talata, ni ne ɗan rakiya. A ɗakin akwai wani saurayi mai tseren gudu da aka yi wa aiki a gwiwa. Ranar da na fara ganinsa, tsakanin ƙarafa biyu yake rarrafe da hannu yana zufa, taku uku ya gagare shi. Kafin a sallami Umma na gan shi yana hawa matakala da gudu yana dariya. Matar da ta yi wannan aikin ba ta ba shi ƙwaya ko ɗaya ba a gabana. Hannu ne kawai, da haƙuri, da sanin sunan kowace jijiya. Tun daga ranar na san inda na dosa.

Abba bai ga abin haka ba. Lauya yake so in zama.

“Tausa?” in ji shi ranar da na gaya masa. “Ka tafi jami'a ka yi shekaru don ka koyi tausa? Kakarka ta iya, kuma ko allo ba ta gama ba.”

Abba mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, a sashen ladabtar da ma'aikata. Rabin hirarsa a kan tabarmar cin abinci ta masu kawo takardar asibiti ta ƙarya ce. Akwai wanda ya kawo takarda cewa ya karye a ƙafa, washegari aka ga hotonsa yana rawa a wani biki a Mararaba. Abba yakan ajiye cokali ya ɗaga yatsa ya ce, “Ni ba ma'aikacin ne ke ba ni haushi ba. Likitan da ya duba lafiyayyen mutum ya ce ba shi da lafiya, shi ne babban mai laifi.” Na ji wannan jumla ya fi a ƙirga. (Ku riƙe ta, za ta yi amfani nan gaba.)

Wani abu game da Abba kuma shi ne ƙwallo. Duk Asabar da safe yakan cire babbar riga ya sa gajeren wando, ya tafi filin wata makarantar firamare, inda shi da abokansa, duk waɗanda suka haura arba'in da biyar, suke buga abin da suke kira wasa. Dattawan Kubwa ake ce musu. Shi ne lamba biyar, mai tsaron baya. Ban taɓa zuwa kallo ba, saboda ni ƙwallo ba ta dame ni ba. Idan ana kallo a falo ba na sanin wa ke cin wa. Sai wani ya faɗi nake ɗago kai daga littafi, in jira a maimaita a hankali in ga ta ina gwiwar ta juya. Na san sunan duk ƙasusuwan tafin ƙafa, amma ban san abin da ake nufi da satar gida ba.

Ranar Litinin za a rufe rajistar jarrabawar shiga jami'a, kuma har ranar Alhamis gurbin da ake rubuta kwas a fom ɗina babu komai. Umma ce ta shiga tsakani. Ban san me ta gaya masa ba, na dai ji ya kira ni bayan an ci abinci.

“Jibi muna da wasan ƙarshe da Dattawan Mararaba, na kofi,” in ji shi. “Mai riƙe mana akwatin magani ya yi tafiya. Ka zo ka riƙe. In na ga abin naka ilimi ne, ka rubuta abin da kake so. In na ga tausa ce, lauya za ka rubuta, kuma ba na son ƙarin magana.”

Na ce, “To, Abba.” A zuciyata kuwa na riga na gama cika fom ɗin.

Ranar Juma'a ban zauna ba. Na zazzage akwatin da suka ba ni, na tarar da bandeji mai datti, da man zafi da ya ƙare, da wata kwalbar fesawa mai sanyaya fata, da goro rabi. Na wanke shi, na cika shi da sabon bandeji da filasta da auduga da almakashi da ƙaramar tocila, kowanne da sunansa a manne. Na ari babbar kular Umma ta biki na cika ta da ƙanƙara har murfin ya ƙi rufuwa sai da na zauna a kai. Na zana takardar rubuta bayanin rauni, mai gurbin suna da lokaci da wurin ciwo, na je shago aka buga mini ashirin da biyu, ko da kowa a filin zai faɗi. Na gwada duk matakan duba idon sawu a ƙafar Umma har sau shida, sai da ta ce in na sake taɓa ta za ta koma bayan lauya.

Da muka isa fili Abba ya miƙa ni ga kocinsu, Oga Danjuma, wani dattijo Bagbagyi da ya yi ritaya daga koyar da wasanni a makaranta. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da usur a wuya ko da yake ba shi ne alƙalin wasa ba. Ya kalli farar rigata mai guga, ya kalli takardun da ke hannuna, ya yi murmushi.

“Yarona, aikin nan ba ta da wuya,” in ji shi da irin Hausarsa. “In mutum ta faɗi a farkon wasa, ka gudu. In ta faɗi a ƙarshe, kuma mu ne a gaba, ka tafi kamar kana raka amarya. Ka isa, ka ba ta ruwa, ka fesa, ka ƙara ruwa, ka ƙara fesa. Sai ka kira mutum biyu su ɗauke ta. Ka gane ko?”

Na ce, “Na gane, Oga.”

Ban gane komai ba. Tausayinsa ma na ji. Duk littafin da na karanta cewa yake mintunan farko bayan rauni su ne mafi muhimmanci, ga shi wannan bawan Allah yana koya mini tafiyar amarya. Na buɗe ɗan littafina na rubuta maganarsa a ƙarƙashin wani kai da na sa wa suna “Kura-kuran da ake yi a filayen unguwa.” Littafin yana nan har yanzu, nakan duba shi in na ji kaina ya fara girma.

Zagayen farko ya tafi mini yadda nake so. Wani ya goge gwiwa a ƙasa, na wanke na rufe. Jijiyar ƙaurin wani ta ɗaure, na kwantar da shi na miƙe ƙafar na tura yatsun sama, kafin minti ɗaya ya tashi yana sa mini albarka. Golansu, Alhaji Bala, ƙwallo ta bugi ɗan yatsansa, na haɗa shi da na kusa na naɗe, ya ɗaga hannun yana nuna wa mutane yana cewa, “Ku ga aiki, kamar a talabijin.” Na saci kallon Abba na ga ya gani. Daga nan kunyata ta fara narkewa. Har na fara tafiya da akwatin a hannu ɗaya.

Ina durƙushe ina cika takardar Alhaji Bala na ji hayaniya da usur, ban ɗago ba, tunda babu wanda ya faɗi. Daga baya na samu labarin cewa a lokacin ne Abba ya ja rigar wani ɗan gaba aka ba shi katin gargaɗi. An kuma yi wata hayaniyar da ta fi wannan, ita ma ban ɗago ba. Ashe Kubwa ce ta ci ƙwallo ɗaya.

A zagaye na biyu rana ta ɗaga, dattawanmu suka fara numfashi kamar tsohon janareta. 'Yan Mararaba kuwa, waɗanda wasu daga cikinsu ba za su kai arba'in da biyar ba sai an haɗa da shekarun 'ya'yansu, suka tare a gidanmu. Oga Danjuma yana ta duba agogo. Na ji yana cewa saura minti uku. Sai wani ɗan Mararaba ya wuce ta gefen Abba, kafaɗarsu ta ɗan gogi juna, Abba ya yi sama ya dawo ƙasa, ya mirgina sau biyu, ya riƙe idon sawunsa na dama yana salati.

Ban taɓa gudu a rayuwata kamar na ranar ba. A makaranta ni ne nake ɓuya a laburare ranar wasanni, amma ga mahaifina a ƙasa, ga akwati a hannuna, ga fom ɗina yana jira. Ina jin Oga Danjuma a bayana yana kiran “Amarya, amarya,” ban waiga ba. Kafin alƙalin wasa ya gama ɗaga hannu ya kira ni, na riga na durƙusa.

“Abba, ina ne?”

Ya buɗe ido ɗaya ya gan ni, ya ce, “Har ka iso?”

“Ina ne ke ciwo?”

“Nan. Wayyo, nan. Kwance takalmin, amma ka bi igiyar rami-rami.”

Babu lokacin bin igiya rami-rami. Na zaro almakashi na datse ta daga sama har ƙasa, na zare takalmin cikin daƙiƙa biyar. (Sabo ne, ranar ya fara sa shi.) Na ga ya runtse ido, na ɗauka zafin ciwo ne.

Na bi matakan yadda suke a littafi. Na duba, babu kumburi, fatar ba ta canja launi ba. Na danna ƙashin idon sawu na waje, ya yi ƙara. Na danna na ciki, ya yi ƙara. Na danna tsakiyar tafin ƙafa, ya yi ƙara. Wannan ya ɗan ɗaure mini kai, sai na danna ƙaurinsa can sama kusa da gwiwa, inda babu abin da ya haɗa shi da faɗuwar, nan ma ya yi ƙara. Na riƙe dunduniya na ja ta gaba, haɗin yana nan daram. Littafi ya ce a kwatanta da lafiyayyar ƙafa, don haka na ɗauki ta hagu na juya ta. Abba, wanda idonsa ke rufe, ya yi ƙarar da ta fi duk na baya.

'Yan wasan ɓangarorin biyu sun riga sun kewaye mu. Wani ya yi tari irin na mai danne dariya.

Abba ya buɗe ido ya kalle ni, ya ƙifta na dama. Ya sake ƙiftawa. Mutum ya faɗi ƙasa, ya kasa tantance ƙafar da ke masa ciwo, ga ido ɗaya yana rawa: wannan ai alamun buguwar kai ne. Na ciro tocila na haska masa ido.

“Abba, yau wace rana ce?”

“Kai.”

“A ina muke yanzu? Mene ne sunan matarka?”

Alhaji Bala ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Abba ya kama damtsena ya matse da ƙarfin da ya tabbatar mini cewa hannunsa ma lafiya lau yake, ya jawo ni kusa, ya yi magana ta tsakanin haƙora.

“Ka fesa mini abin nan kawai, ka ce a ɗauke ni.”

Ni kuma, da muryar da kowa ya ji, na ce, “Abba, ai ba a fesa magani a inda babu ciwo.”

Ina so ku fahimce ni. A wannan lokacin farin ciki ne ya cika ni. Mahaifina bai karye ba, kansa bai bugu ba, kuma ni na gano haka da hannuna, a gaban jama'a. Ban taɓa jin labarin cewa mutum yakan kwanta a fili don agogo ya tafi ba. Babu wannan babin a littattafaina. A tunanina tsoro ne ya kama Abba, aikina kuma in kwantar masa da hankali, in nuna masa cewa ɗansa ba irin likitan nan ba ne da yake zagi a kan tabarma.

Alƙalin wasan, wani matashi siriri mai tsare gida, ya matso ya ce, “Likita, yaya? Za a fitar da shi ne?”

Likita. Ba a taɓa kirana haka ba. Na miƙe tsaye, na karkaɗe gwiwar wandona, ni da ba na iya gaida baƙo sai da in-ina, na yi bayani kamar mai karanta labarai.

“Babu kumburi, babu karaya, babu targaɗe. Jijiyoyin duka lafiya. Ƙafar da ya riƙe da ya faɗi ta dama ce, wadda ya fi kuka da ita ta hagu ce, kuma na duba duka biyun, ƙalau suke. Kansa ma lafiya. A taƙaice, babu abin da ya same shi.”

Filin ya yi tsit. Har mai sayar da lemo a bakin katanga ta daina fere.

Kyaftin ɗin Mararaba, wani dogo mai furfura a gemu, ya dafa kafaɗar alƙalin wasa cikin ladabi ya ce, “Rafari, ka dai ji. Kuma ba mu muka kawo shi ba. Ɗansa ne na cikinsa.”

Alƙalin ya sa hannu a aljihu ya ciro katin gargaɗi ya ɗaga wa Abba, wanda har lokacin yana kwance. Sannan ya sake sa hannu ya ciro ja. Na juya na tambayi Alhaji Bala me ya sa aka ba shi har guda biyu, ya ce in bari sai mun je gida.

Abba ya tashi ba tare da kowa ya kama shi ba. Ya karɓi takalminsa daga hannuna bai kalle ni ba, ya nufi bakin fili, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa, yana tafiya garau babu ɗingishi ko kaɗan. (Na lura da haka, kuma kunya ta hana ni faɗin cewa har alfahari na ji.) Da ya isa bakin layi, abin da ya fara cin karo da shi ita ce kular Umma. Ya ɗaga ƙafar dama, mai safa, ya kai mata shuri da dukan haushinsa. Kular ko motsi ba ta yi ba, ai na gaya muku yadda na cika ta. Abba ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya je ya zauna a benci ya rufe kansa da tawul.

Sauran labarin gajere ne. Alƙali ya ƙara minti biyar, har da waɗanda na ɓata ina haska tocila. A minti na huɗu wani ɗan Mararaba ya bi ta daidai inda lamba biyar ya kamata ya tsaya, ya farke. Aka je bugun fanareti, dattawanmu da ƙyar suke tsayuwa, Mararaba ta ɗauki kofi. 'Yan wasansu suka yi layi suna ba ni hannu ɗaya bayan ɗaya. Kyaftin ɗin ya ce in ina neman ƙungiya, ƙofarsu a buɗe take. A lokacin ne, ina tsaye da akwati ana girgiza mini hannu, abin ya fara shiga kaina, kamar ruwan sanyi yana bin bayana.

Oga Danjuma ya zo ya tsaya a gabana ya daɗe yana kallona.

“Na koyar da yara har gashina ta yi fari,” in ji shi, “ban taɓa ganin wanda ta kai babanta ƙara a tsakiyar fili ba. Amarya na ce maka. Ka taɓa ganin amarya tana gudu?”

Muka shiga mota. Mun kusa gida na ga ya kamata in kare kaina, na ce a hankali, “Abba, ai kai ka ce likitan da ya duba lafiyayyen mutum ya ce…”

“Wancan ofis ne,” in ji shi. “Wannan ƙwallo ce.”

Na mayar da ido kan hanya. Amma idona ba ya hutawa, sai na lura da dunduniya yake taka birki, yatsun a ɗage. Na buɗe baki, na tuna abin da buɗe bakina ya jawo awa ɗaya da ta wuce, na mayar na rufe.

Kafin mu isa an riga an turo wa Umma bidiyon a waya. Ta tare mu a ƙofa fuskarta a ɗaure da ƙyar, ta ce, “Sannunku da dawowa. Alhaji, an ce an tambaye ka sunana ka kasa faɗa.” Abba ya wuce ɗaki. Ni ma na shige nawa, na zauna a bakin gado ina gwada yadda kalmar lauya za ta zauna a bakina.

Da la'asar muka je masallacin unguwa, na tsaya a sahun da ke bayansa. Allah ya yafe mini, hankalina bai cika kan sallar ba. Da aka yi sujada na ga yatsun ƙafarsa ta hagu sun kafu a ƙasa yadda ya saba, amma babban yatsan dama yana sama, bai yarda ya taɓa tabarma ba. A zaman tahiya ma ya karkace gefe. Kuma safa ce a ƙafarsa, a wannan zafin.

A ƙofar masallaci dattawa uku daga cikin 'yan ƙungiya suna jiransa.

“Alhaji, yaya ƙafa?” in ji Alhaji Bala.

“Lafiya lau,” in ji Abba. “Ai likita ya yi muku bayani.”

Alhaji Bala ya juyo gare ni yana murmushi. “Likita, ka tabbatar? Ko akwai sabon sakamako?”

Akwai sabon sakamako, kuma na san shi dalla-dalla, har yana yi mini ƙaiƙayi a harshe. Na ji idon Abba a kaina. Na sunkuyar da kai na ce, “Abba ya ba ku amsa, Baba.” Suka yi dariya suka ce yaro ya fara hankali.

Da muka koma gida na jira Umma ta shiga kicin. Na ɗebo sauran ƙanƙarar kular nan a roba, na ɗauki tawul da filasta, na yi sallama a ɗakin Abba, na shiga, na mayar da ƙofa na rufe. Na ajiye robar a gabansa na durƙusa. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙo ƙafar, ya zare safar da kansa yana cije leɓe.

Yatsan ya kumbura ya yi jawur kamar tumatir. Wannan karon da na danna bai yi ƙara ba, numfashi kawai ya ja, daga nan na koyi yadda ciwon gaske yake sauti. Na bi ƙashin a hankali, na motsa haɗin sama da ƙasa, na sa ƙanƙara a tawul na ɗora, bayan ta yi aikinta na naɗe yatsan yadda ba zai lanƙwashe ba. Sai na matsa kusa da kunnensa, duk da babu kowa a ɗakin.

“Ina ganin targaɗe ne, ba karaya ba. Amma ban isa in tabbatar ba, sai an ɗauki hoto. Kada ka sa rufaffen takalmi, kuma ka ɗora ƙafar a kan filo.”

Ya motsa ƙafar, ya ji sauƙin da naɗin ya kawo, ya gyaɗa kai.

“In Ummanka ta tambaye ka me ka shigo yi fa?”

“Zan ce sirrin majiyyaci ne.”

“Da safe ina sirrin yake?”

Na ci gaba da naɗe ragowar filasta. Can sai na ji gadon yana girgiza, na ɗago na ga Abba dariya yake yi marar sauti, har da hawaye.

“Sunan matarka,” in ji shi. “A gaban 'yan Mararaba.” Ya share ido. “Wanda ya gane ƙafar ƙarya da safe, ya gane ta gaskiya da yamma ta cikin safa, ba tausa yake yi ba. Je ka rubuta abinka. Amma da sharaɗi: in ka gama, ka nemi aiki a ƙungiyar da ba na ciki.”

Ranar Litinin na cika fom. Shi kuma ya tafi ɗaukar hoto har Gwagwalada, don kada ya haɗu da ɗan Kubwa a layi. Targaɗe ne, kamar yadda na faɗa. (Na ce muku ban cika yin kuskure a wannan ɓangaren ba.)

Yanzu ina aji uku a kwas ɗin da na so, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Dattawan Kubwa har yau Jan Kati suke kirana, amma duk wanda bayansa ya riƙe, gidanmu yake lallaɓowa bayan la'asar. Ban koyi yi wa kowa ƙarya ba, kuma ba na shirin koya. Abin da na koya shi ne sakamakon dubawa na mai ƙafar ne, a kunnensa ake fara faɗa, ba a tsaye a tsakiyar fili ba. Sannan kafin in ɗauki akwati in ruga wurin wanda ya faɗi, nakan tsaya in tambayi na kusa da ni abu biyu da babu su a littafi: wa ke gaba, kuma saura minti nawa.